Sammacin da Na Liƙa ga Tsamiya

Aikina kai sammaci ne. In anka kai ƙarar mutum kotunmu, ni ke ɗaukar takarda in hau babur in neme shi duk inda ya shiga, in sa mishi ita a hannu, in dawo in shaida ma alƙali cewa na kai. Ba aiki ne da ake yi ma mutum guɗa ba. Na sha zagi a ƙofar gida, an taɓa sakar mini kare a Unguwar Lalle, wata tsohuwa kuma a Gatawa ta sheƙa mini ruwan wanke-wanke ta ce wai ba ta gan ni ba, alhali da ni ta saita. Duk da haka takarda na isa. Kafin daji ya ɓaci, babu ƙauye tsakanin Sabon Birni da Isa da ban san rijiyarsa ba.

Da daji ya ɓaci, aikin ya sake kama. Ƙauyuka sunka watse, wasu sunka tsallaka Nijar, wasu sunka cunkushe gidajen dangi cikin gari, hanyoyin da nake bi ido rufe sunka zama sai da addu'a. Sai mu masu kai sammaci munka samo dabara. Ka je inda mutum yake zaune da, ka liƙa takardar ga ƙofa ko ga icce, ka juyo a guje, ka rubuta "an kai". Doka ta yarda da liƙawa, ba na musu, amma sai an nemi mutum an rasa, kuma alƙali ne ke ba da izni. Mu kuwa mun tsallake neman, mun tsallake iznin, mun riƙe liƙawar. Ba wanda ya zauna ya ce a yi haka. A hankali abin ya shigo, har munka manta cewa da ba haka ake yi ba.

Cikin wannan yanayi wani babban mutum ya shigo da ƙara. Ba za ni faɗi sunansa ba. Jam'iyyarsu ce ta ci zaɓe, shi bai riƙe kujera ba, amma masu kujerun gidansa suke zuwa gaisuwa. Abin da yake nema gona ce wajen Kurawa, bakin fadama, irin wadda ko damina ta yi rowa sai ta ba da dawa. Mai gonar wani dattijon makiyayi ne da ke noma yana kiwo, kowa Baffa yake ce mishi, ni ma haka. Na sha fura rugarsa ba sau ɗaya ba. Ɓarayin daji sunka kore mishi shanu kaf, sa'an nan mutanen gari sunka fara kallonsa kamar ɗaya daga cikin ɓarayin, don kawai harshensu ɗaya. Da ya ga ba shi da wurin tsayawa, ya kwashi iyalinsa ya tashi, ba wanda ya san inda ya nufa. Shi kuwa babban mutum cewa ya yi gonar ta ubansa ce, aro anka ba uban Baffa, yanzu yana son abinsa. In anka yanke mishi, Baffa ya rasa abu na ƙarshe da ya rage mishi a duniya, kuma ba zai ma san an yi ba.

Ni anka ba sammacin. Na isa rugar da hantsi, na tarar bukkoki sun zube, turakun shanu tsaye babu igiya, ko kukan kaza babu. Wallahi shirun wurin ya fi ƙarar bindiga ban tsoro. Ban ko kashe babur ba. Na karyo ƙaya, na soke takardar ga wata tsamiya da ke bakin rugar, na juyo ina ta karanta duk abin da ya zo bakina. Da na iso gari na sha ruwa, na rubuta "an kai".

Alƙalinmu na lokacin ɗan ƙaramin tsoho ne, siriri, ɗan gidan malamai, ubansa da kakansa duk masu makarantar allo ne. Yana da ciwon gwiwa, yana karatu da yatsa layi-layi, kuma ba ya gaggawa ko da rufin kotu na ɗiga kansa. Mu ma'aikata muna yi mishi tsiya a bayan ido, muna cewa in ka kawo mishi ƙarar kaza, kafin ya yanke ta yi 'ya'ya. Ni musamman haushinsa nake ji, don ni mutum ne mai son a yi a gama.

Ranar zama, babban mutum ya zo da motoci da 'yan rakiya har sunka cika gindin dalbejiyar da ke ƙofar kotu. Shaidunsa biyu sunka yi magana sumul, babu ko tuntuɓe, sunka ce aro ne. Wurin zaman wanda ake ƙara babu kowa. Kowa ya gyara zama yana jiran hukunci. Alƙali ya bi takardata da yatsa, ya ɗago, ya kira ni gaba.

"A hannunsa ka sa ta?"

"Allah gafarta Malam, an kai," na ce.

Ya sake tambayata, da murya ɗaya, ba ƙari ba ragi. Na dubi ƙasa. Ƙarya ba ta taɓa yi mini wuya ba a ƙofar gidan mutane, amma gaban tsohon nan harshena ya ƙi. Na ce ga tsamiya na liƙa ta.

"To tsamiyar ba ta zo ba," in ji shi, "kuma ba ita ake ƙara ba."

Wasu sunka yi dariya, ni kam da ƙasa za ta tsage da na shige. Ya ɗage zama har sai an nemo Baffa. Babban mutum ya miƙe, fuska ta haɗe, ya ce kowa ya san mutumin yana daji tare da ɓarayi, wa zai je nemansa? Alƙali ya amsa mishi cewa shi bai sani ba, kuma ko da ɗan fashin ne, ba a karɓe gonar ɗan fashi sai an ji bakinsa. Ya rufe littafi ya kira ƙara ta gaba.

Daga ranar kotu ba ta huta ba. Ni da ke zaune bisa benci a ƙofar ofis, duk ina ji. Waya ta yi ta shigowa. Baƙi masu manyan riguna sunka riƙa zuwa da gaisuwa daga sama, su yi ta kewaye-kewaye, su ƙare da tuna mishi cewa akwai kotuna masu nisa da ke neman alƙali, inda ko asibiti babu balle mai duba gwiwa. Ya saurare su duka, ya yi musu addu'a, ya raka su ƙofa yana ɗingishi. Mu ma anka fara taɓa mu. Wani ya tare ni kasuwa ya ce in yi ma alƙalinmu magana, don in iska ta taso ba shi kaɗai za ta ɗauka ba.

Ran nan na shiga ofishinsa raina a ɓace, ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce mishi kowa haka yake yi yanzu, daga nan har inda ƙasa ta ƙare, gwamnati tasu ce, daji na ɓarayi ne, mu kuma muna tsakiya da takarda da biro. Na ce ya yanke mu huta, wa zai tambaya? Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Bai yi mini wa'azi ba, da ma ya yi da na samu abin musu. Cewa ya yi ya gane tsorona, hanyar ba ta da kyau, kuma ba zai tilasta ni in tafi ni kaɗai ba. In kawo babur gobe da safe, zai hau bayana mu nema tare. Na dube shi, tsohon da sai ya dafa bango yake tashi daga sallah. Kuma na san shi, ba gatse yake yi ba, da na kawo babur ɗin da ya hau. Na fito kunya ta lulluɓe ni har ƙafa.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko, na nema. Na tambayi masu sayar da nono, na tambayi direbobi, na tambayi mahauta. Wani mahauci ya ce kamar ya ga Baffa a karar shanu ta Isa ranar kasuwa. Can kuwa na same shi. Mutumin da na sani da garke, yanzu igiyar shanun wasu yake riƙe wa dillalai, ya rame har rigarsa na yawo jikinsa. Munka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya kamar jiya munka rabu. Na sa mishi takardar a hannu, na karanta mishi, don ba ya karatun boko. Ba gonar ya fara tambaya ba. Tambayata ya yi ko da gaske alƙali ya tsai da shari'a dominsa, shi. Na ce awo, Baffa, kai ake jira.

Ya ce yana son zuwa, amma akwai shingayen 'yan sa kai a hanya, kuma mai irin fuskarsa ba ya wuce su. Gaskiya ya faɗa, na san waɗanda anka sauke a shinge ba a sake ganinsu ba. Bakina, wanda kullum yake riga hankalina, ya ce za ni ɗauke shi da kaina. Na koma gida ina zagin kaina tun daga Isa har Sabon Birni.

Ranar da anka sa, na je Isa na ɗauko shi, munka taso da sassafe, shi a baya ya riƙe ni da hannu ɗaya. Shinge biyu munka wuce da gaisuwa. A na uku anka gicciya kututture, mutane da bindigogin toka sunka ce na baya ya sauka. Sunka sa shi ya tsuguna cikin rana. Shugabansu na san shi, manomi ne mai furfura, an ƙone garinsu, ya binne 'yan'uwansa biyu rana ɗaya. Ba mugu ba ne, mutum ne da zuciyarsa ta ƙone. Ya ce ni in wuce, wannan kuwa akwai tambayoyin da zai amsa a bayan tudu. Na san abin da ke bayan tudu.

Na zaro kwafin sammacin daga aljihu. Na ce mutumin nan kotu ta kira shi, yana hannun kotu har ya isa, duk wanda ya riƙe shi alƙali ya riƙe. Ina faɗi ina jin kunyar maganar. Mi kotu ke da shi? Ba ta da bindiga ko ɗaya, kujerar alƙali ma da dutse anka tokare ƙafarta. Su kuwa su bakwai ne, ga daji, babu mai gani.

Shugaban nasu ya karɓi takardar. Bai karanta ba, hatimin ya tsura ma ido, ya shafa shi da babban yatsa. Ya tambaye ni ko har yanzu ana zaman kotu. Na ce ana yi. Ya tambayi shari'ar mi ce. Na ce gona ce, wani ke son karɓewa don mai ita ya gudu, alƙali kuma ya ƙi yankewa sai an zo da shi. Ya dubi Baffa da ke tsugune, ya dubi yamma, inda garinsu yake da.

"Ni ma na bar gona," ya ce.

Ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya je da kansa ya ja kututturen. Na yi shekaru ina yawo da irin takardun nan cikin aljihu tare da goro, na goge hannu da su, na yi fifita da su. Ran nan ne na fara jin tsoron abin da nake ɗauke da shi. Baffa ya hau bayana munka wuce.

A kotu alƙali ya ce shaidu su maimaita abin da sunka faɗa, wannan karon gaban wanda ake ƙara, don haka ƙa'ida take. Na farko ɗan rakiyar babban mutum ne, ya maimaita idonsa na kan rufi. Na biyu wani tsohon manomi ne da gonarsa ke iyaka da ta Baffa, wanda duk rani shanun Baffa ke kwana gonarsa suna zuba mishi taki. Ya fara magana muryarsa na shigewa. Alƙali ya ce ma Baffa yana da damar yi ma shaida tambaya. Baffa ya juyo, ya gaishe shi, ya tambaye shi ko ƙafar nan tasa ta warke, ya ce shi ke nan tambayarsa. Tsohon ya sunkuyar da kai har hularsa ta faɗi. Ya ce shi dai bai ga an ba da aro ba, ji ya yi, kuma tun da ya buɗe ido uban Baffa yake gani cikin gonar, bayansa Baffa.

Saura shaida ɗaya ke nan. Alƙali ya ce ma babban mutum yana iya cika ta da rantsuwa, anka kawo Alƙur'ani. Ya dube shi, ya ce ba shi da alwala. Alƙali ya ce ga buta nan bakin ƙofa, za a jira shi. Bai tashi ba. Can ya ce shi ba zai yi rantsuwa kan 'yar gona ba. Rantsuwa ta koma kan Baffa, ya fita ya yi alwala a natse, ya dawo ya rantse.

Kafin hukunci akwai abin da ake kira i'izari, alƙali ya tambayi kowane ɓangare gaban shaidu ko yana da sauran magana. Babban mutum ya ce zai ɗaukaka ƙara. Alƙali ya ce haƙƙinsa ne, ya umurci magatakarda ya ba shi kwafi a ranar. Sa'an nan ya juya ga Baffa.

"Allah gafarta Malam," in ji Baffa, "abin da za a rubuta yau, in na mutu a hanya, zai tsaya ma ɗiyana?"

Na ga alƙali yana auna maganar, don ba mutum ne mai alkawarin abin da ba ya hannunsa ba.

"Zai tsaya, muddin akwai wanda zai buɗe littafin nan."

Baffa ya ce to ba shi da sauran magana. Anka yanke, gona tasa ce.

Babban mutum bai ɗaukaka ƙara ba. Takardar canjin wurin aiki ce ta zo ma alƙali kafin damina ta faɗi, zuwa ɗaya daga cikin kotunan nan masu nisa. Ni na ɗaure mishi littattafansa cikin buhu na kai tasha. Na so in ba shi haƙuri kan maganganun da na yi mishi, na rasa ta inda za ni fara, shi kuma bai ba ni dama ba, sai faɗa yake yi mini kan tayar baburina ta baya da ta suɗe. Mota ta tashi ina tsaye. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata an gama, sun ci.

Baffa bai sake shuka gonar ba, hanyar ba ta buɗe ba har ciwo ya ɗauke shi a Isa. Damina biyu bayan haka anka ga wasu suna yin kunyoyin shuka cikin gonar, yaran babban mutum ne. Sai ga babbar ɗiyar Baffa a ƙofar kotu, da kwafin hukuncin naɗe cikin leda, ɗaure a bakin zane. Da na gane ko wace ce na fid da rai, don sabon alƙalinmu matashi ne mai waya biyu, ni kuwa tuni na yanke cewa nasu ne, don haka anka kawo shi. Na kusa ce mata ta koma gida kada ta wahalar da kanta.

Ya karɓi takardar ya karanta, ya ce a kawo mishi tsohon littafin. Anka tono shi daga ƙasan kabad, gara ta ci gefensa. Ya buɗe ya yi ta bin rubutun tsohon, shafi bayan shafi, har da inda anka rubuta ɗage zama saboda sakacina. Wayarsa ta yi ta kuka bisa tebur, na ga sunan da ya fito, shi ma ya gani. Ya kifar da ita ya ci gaba da karatu. Bai taɓa ganin tsohon ba, bai san Baffa ba, babu abin da zai samu sai ciwon kai. Da ya kai ƙarshe ya ce an riga an yanke wannan shari'a, ba a ɗaukaka ba, saboda haka tana nan yadda take, kuma ya ba da umurnin a fita daga gonar.

Matar ba ta gane duka ba, ta dube ni. Na ce mata gonarku ce, ɗiyata. Ta mai da takardar cikin leda ta ɗaure.

Bana ita da ƙannenta sun shuka dawa. Na wuce ta wurin cikin watan jiya, dawar ta fi ni tsawo. Rabin gonar kawai sunka noma, rabin da ke kusa da hanya, don in an ji ƙarar babura daga daji a samu gudu.